Zaren da Manaja Ya Haɗiye

Yayana mai gyaran kujeru ne, kuma kurma ne. Na faɗa tun farko don kada wani ya tsaya yi min kwana-kwana, shi ma da bakinsa kurma yake cewa. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi yana ɗan shekara goma sha biyu, ya tashi da ransa amma kunnuwan suka tafi. Maganarsa tana nan, sai dai bai san ƙarfinta ba. In zai gaya maka sirri, mai facin da ke tsallaken titi ma sai ya ji. Yana karanta baki in ka fuskance shi kuma ba ka tauna magana ba. Ni kuwa Rediyo yake ce min tun muna yara, wai ko ba ya ji yana ganin bakina ba ya hutawa.

Makaranta ba ta kore shi ba, kujerar baya kawai aka mayar da shi, malami yana magana yana kallon allo, har ya gaji ya daina zuwa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ya fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, amma ni ce na gama sakandare. Babanmu ya kai shi wurin wani tsoho mai gyaran kujeru, a can ya koyi aikin da yake yi yau shekara arba'in da biyar.

Shagonsa ɗaki ne dogo kamar lungu. Ƙofar tana kallon titi, tagar kuma tana can ƙarshe, don haka a ƙarshen yake aiki saboda haske, bayansa ga ƙofa. Tsakanin ƙofar da teburinsa sai ka ratsa ƙwarangwal ɗin kujeru, da tulin soso, da naɗin yadi a jingine da bango. Bayan shagon akwai ɗaki da 'yar tsakar gida, nan ya zauna da matarsa, nan suka raini ɗansu guda. Matar ita ce kunnensa. Tana zama a bakin ƙofa da saƙarta, in mai kujera ya zo sai ta jefe shi da guntun soso a ƙeya. Shekara talatin tana jifansa, ban taɓa ganin ta kuskure ba.

Da ta rasu, abubuwa suka fara lalacewa. Mutum zai zo ya yi sallama sau uku, ya ga bayan Yaya kawai, ya tafi yana cewa mai shagon nan girman kai gare shi. Wata rana da rana tsaka aka shigo aka ɗauke naɗin yadi biyu yana nan zaune yana ɗinki. Ɗansa, wanda yanzu babban mutum ne mai iyali, ya ce magana ta ƙare, a rufe shagon, Baba ya koma gidansa shi ɗan, ya ma gyara masa ɗaki. Yaron ba mugu ba ne. Amma ni na san yayana. Ka raba shi da guduma da allura ka zaunar da shi gaban talabijin da ba ya ji, wata shida ba zai yi ba.

Ana cikin wannan ja-in-ja ne ya tsinci ɗan kwikwiyo a cikin wata tsohuwar kujera da aka yar a bayan shagon. Ya ba shi madara, ya ce kwana biyu zai yi ya ƙara gaba. Bai ƙara gaba ba. Babu wanda ya koya wa karen nan komai, amma kafin ya shekara, duk wanda ya tsaya a ƙofa sai ya tashi ya je ya dunguri ƙwaurin Yaya da hanci sau biyu, ya juya ya kalli ƙofar. In ruwan shayi ya tafasa ya dungure shi. In za su tsallaka titi mota ta yi hon, ya sha gabansa. Mai faci ne ya sa masa suna Manaja, wai yana kwance a ƙofa yana kallon wasu suna aiki. Ɗan Yaya ya ga haka ya bar maganar rufe shago. Shekara shida kenan.

Ni ba mai son kare ba ce, kada a ce na yi ƙarya. Ba ya taɓa min tufafi, ya kuma san haka, nesa yake tsayawa yana kaɗa min bindi. Amma wanda duk ya ce min "kare ne fa" a kan Manaja, sai na tambaye shi ko shi zai zo ya zauna a ƙofar shagon daga safe zuwa yamma. Ban taɓa samun wanda ya amsa ba.

Amai a wurin kare ba labari ba ne, kuma Yaya ya san aman Manaja kamar yadda ya san cikin kujera. Tsugunnawa yake yi da ɗan tsinken katako yana tonawa, ni ina toshe hanci ina zaginsa. In kumfa ce rawaya da sassafe, ya ce cikinsa ne ya kwana babu komai, ya ba shi ɗan burodi. In abinci ne ya dawo yadda ya shiga, ya ce haɗama ce, ya raba masa cin sau biyu. In da ciyawa a ciki ya yi dariya. Ranar da Manaja ya shiga bolar bayan layi ya ci abin da ya ci, Yaya ya hana shi abinci rabin yini, ya riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, washegari ya dafa masa shinkafa fara ba mai, ya warke. Duk wannan daidai ne, likita ma daga baya ta ce daidai ne. Sanin nan ne kuma ya kusa kashe karen, don wanda ya saba ganin abu yana wucewa ba ya saurin yarda cewa wannan karon ba zai wuce ba.

Ga yadda abin ya faru. An kawo masa wata babbar kujera mai maɓallai a jingina, irin wadda ake zura doguwar allura a ja maɓallin ya nutse cikin soso. Zaren wannan aiki na roba ne, mai ƙarfi, hannu ba ya tsinka shi, kuma sai an goga masa kakin zuma yake zamewa. Ranar Litinin kakinsa ya ƙare. Sai ya tuna tsohon maigidansa in kaki ya ƙare kitse yake gogawa. Ga kitse kuwa a leda, mahauci ya ba shi don Manaja. Ya yanka zare dogo-dogo, kowanne ya kai gaba guda, ya goge su da kitse, ya rataye a hannun kujera ya tafi wanke hannu. Tsohon maigidan nasa ba shi da kare, shi ya sa dabarar ba ta taɓa cutar da kowa ba.

Talata Manaja ya yi amai sau biyu. Yaya ya tona bai ga komai ba, ya ce kitsen ne ya yi masa yawa. Laraba ya ƙi abinci, ya yi ta amai, miyau yana dalala. Da Yaya ya duba sai ya ga bakin zare ya leƙo a gefen bakin karen. Mutumin da ya yi shekara arba'in da biyar yana gyaran kujera, in ya ga zare ya leƙo me zai yi? Almakashi ya ɗauko ya datse shi tsaf, ya share hannu, ya ce an gama.

Ranar Alhamis nake kai masa abinci. Na tsaya a ƙofa, ba Manaja. Na shiga, na ratsa kujerun nan duka har na tsaya a kansa, sai da inuwata ta faɗa kan yadin ya zabura, allura ta soke shi a yatsa. Shekara shida rabon da in ga ya zabura haka.

"Ina Manaja?" na ce.

Ya nuna ƙarƙashin tebur. Karen ya miƙe ƙafafun gaba a ƙasa, ya ɗaga baya sama, cikinsa a ɗame. Na tura masa kwanon ruwa da ƙafa. Ya lasa sau uku, kafin in ajiye kular abinci ya dawo da shi.

"Tun yaushe?"

"Shekaranjiya. Ya kusa warkewa, Rediyo. Zare ne ya maƙale masa, na yanke."

"Ka yanke! Ina sauran?"

Ya kalle ni. Na ga tambayar ta shige shi, amma ya juya ya ci gaba da ɗinki, wanda a wurinsa daidai yake da toshe kunne. Na zagaya na tsaya a gabansa.

"Tashi mu kai shi asibitin dabbobi."

Hayaniyarmu ta jawo mai faci, ya shigo yana goge hannu da tsumma. "Yaya babba, me Manaja ya yi, an sauke shi daga muƙami ne?" Ya leƙa ƙarƙashin tebur. "Haba, wannan ai ba komai. A ɗura masa man girki cokali biyu, a daka gawayi a haɗa. Kare da kansa yake wa kansa magani."

"Kai da kake wa taya magani," na ce, "tayar motarka ma kullum a sace take."

"Ai shi ya sa nake da aikin yi, uwar ɗakina."

"To ajiye gawayinka. Ruwa ma ba ya zama a cikinsa, mai ne zai zauna?"

Yaya dai bai tashi ba. Ya ce gobe, in bai warware ba gobe. Ni kuwa na san abin da ke hana shi, ba rowa ba ce, ba kuma rashin son karen ba. Ranar da matarsa ta rasu, likita ya fito da takunkumi a fuska ya yi masa bayani. Yaya bai ga bakinsa ba, sai ya yi abin da ya saba in bai gane magana ba, ya gyaɗa kai yana murmushi yana godiya. Sai da na iso na gaya masa ta rasu. Tun daga ranar ko ƙofar asibiti ba ya son gani, na mutane ko na dabba.

Na kama fuskarsa da hannu biyu na juyo ta, abin da rabona da yi tun muna yara. "Ni zan yi magana. Duk abin da aka ce, ni zan maimaita maka. In ka bar shi zuwa gobe, gobe kai kaɗai ne a shagon nan."

Ya ajiye allurar. Ya yanko soso daidai tsawon karen, ya shimfiɗa yadi a kai, ya ɗauke shi a hankali. Masu tasi biyu suka tsaya, suka ga kare, suka ja motarsu, ɗaya har da tsaki. Na bi shi da abin da ya sawwaƙa daga bakina, ba zan rubuta a nan ba. Mai faci ne ya rufe rumfarsa ya fito da tsohuwar motarsa, yana tuƙi yana cewa har yanzu shi dai ya fi yarda da gawayi.

Likitar dabbobin yarinya ce, ba ta kai ɗan Yaya shekaru ba, ga kuma takunkumi a fuskarta. Na buɗe baki zan fara, sai ta lura idon Yaya a bakina yake ba a fuskarta ba. Ta sauke takunkumin zuwa haɓa, ta matso ta fuskance shi.

"Baba, kwana nawa yana amai?"

"Uku!" ya ce, har wata mage a keji ta firgita.

Ta tambaya ko akwai jini a aman, ko yana gudawa, ko an sa maganin ɓera a shagon, ko an yi masa rigakafi, yaushe rabonsa da maganin tsutsar ciki. Yaya ya amsa duka da kansa, ban sa baki ba, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a wurina. Ta ɗaga leɓen karen ta taɓa dasashinsa, ta ce ya bushe. Ta latsa cikin, Manaja ya yi ƙara. Da ta ji maganar zare sai ta sa aka riƙe shi, ta buɗe bakin ta ɗaga harshen. Ga zaren nan ya zagaye gindin harshe ya nutse cikin nama, sauran ya bi maƙogwaro ya tafi.

"Amma na yanke shi," in ji Yaya.

"Wanda ya fito waje ka yanke, Baba." Ta je taga ta kama bakin labule da hannu ɗaya, ta riƙa tura yadin da ɗayan a kan igiyarsa har ya tattare. "Zaren ya kafe a harshe. Hanji kuma yana ta ƙoƙarin tura shi gaba, ba ya tafiya. To sai hanjin ya riƙa hawa kan zaren, haka."

Yaya ya zuba wa labulen ido. "In ya ɗame, zai yanka yadin a kan kowace ninki," ya ce.

"Shi kenan ka gane. Ka ja shi?"

"A'a. Ba a jan zare."

"Da ka ja, da ba mu tsaya muna magana ba."

Wallahi da ni na ga bakin zaren nan, ja zan yi, in kuma yi alfahari da hakan.

Ta ce tiyata za a yi yanzu, bayan an fara ƙara masa ruwa, kuma ba ta yi alkawarin komai ba sai ta buɗe ta gani. Tana cike takarda tana gaya masa, ba faɗa ba, a fuskance: amai ɗaya ko biyu ga karen da yake ci yake wasa, a jira a gani. Amma in ya wuce yini guda, ko ruwa ya ƙi zama, ko an ga jini, ko cikin ya kumbura yana kakari ba abin da ke fitowa, ko ya yi laushi ya daina abin da ya saba, ko ana zargin ya haɗiyi wani abu, a kawo shi a ranar. Kwikwiyo da tsohon kare kuwa ko yinin ba a jira. Yaya ya ce ta rubuta masa. Ta rubuta, ya ninke ya sa a aljihun gaba.

Muna zaune a kan bencin jira ɗansa ya iso daga wurin aiki, don na kira shi. Ya gaida ubansa, ya ja ni gefe ya rage murya.

"Gwaggo, in karen nan bai tashi ba, yau Baba a gidana zai kwana, kuma ba zai koma shagon nan ba. Ki taya ni."

"Ka bari a fito da shi tukuna, ko? Ana yanka kana rabon gado."

"Ba haka nake nufi ba, Gwaggo. Tsoro nake ji."

"Na sani. Amma juya bayanka in za ka yi irin wannan magana."

Ya waiwaya. Yaya yana can ƙarshen benci, idonsa a bakin ɗansa. Rage murya ba ya ɓoye masa komai. Bai yi fushi ba, cewa kawai ya yi, da muryarsa da ta cika ɗakin, "In bai tashi ba, zan zo." Ban taɓa jin ya yarda da wannan magana ba sai ranar. Ɗan ya je ya zauna kusa da shi, ni kuma na fita waje na samu mai faci na yi ta yi masa masifa a kan ba komai, ya bar ni na yi.

Sai wajen la'asar likitar ta fito, ta cire takunkumi tun daga ƙofa. Ta ce wuri uku ta buɗe hanjin ta ciro zaren, wani yanki kamar tsawon tafin hannu ya riga ya lalace ta yanke shi ta haɗa. Yana numfashi. Amma kwana uku na farko su ne abin tsoro, don in ɗinkin ya yi yoyo a ciki, babu abin da za ta iya. Ta miƙo zaren a cikin wani ɗan faranti. Yaya ya kalle shi, bai taɓa ba.

Kwana ukun nan kullum da safe yana bakin asibitin kafin a buɗe. Rana ta biyu Manaja ya sha ruwa, ruwan ya zauna a cikinsa. Rana ta uku ya lashi abinci mai laushi a yatsan Yaya. Rana ta huɗu aka sallame shi, da wata roba kamar mazurari a wuya don kada ya lashi ɗinkin, aka ce kwana goma ba gudu ba tsalle.

Ɗan ya ce to a kwana goman nan wa zai zauna da Baba? Na ce ni, wa kake gani? Na ɗauki kujerar roba na dasa a bakin ƙofa. Aikin da nake wa kallon kwanciya ashe ba kwanciya ba ne. Ba ka isa ka gyangyaɗa ba, ba ka isa ka zagaya ba sai wani ya zo. Sau biyu ina hira da mai faci, wani mai kujera ya wuce ni ya shiga har ciki. Yaya ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin ma'aikaci marar amfani irina ba, ga ci ga surutu. Na ce ya gode wa Allah ni ba na haɗiye masa zare. Manaja yana kwance a kan sosonsa kusa da tebur, duk wanda ya tsaya a ƙofa sai kunnensa ya motsa, ya yunƙura, Yaya ya danne shi da tafin hannu.

Ranar da aka cire ɗinkin aka cire robar, na dawo na zauna a kujerata don ban yarda ya gama warwarewa ba. Wajen hantsi wata mata ta tsaya da kujerun cin abinci biyu a bayan mota. Kafin in sa takalmi, Manaja ya miƙe. A hankali ya tafi, cikinsa a aske, yana ɗan karkacewa, ya dunguri ƙwaurin Yaya sau biyu ya juya ya kalli ƙofa. Yaya ya ajiye guduma ya taso ya tarbi matar, suka duba kujerun, suka yi magana. Da ta tafi ya zo ya tsaya a kaina, ya kama bayan kujerar robar yana girgizawa.

"Tashi," ya ce. "Kin tare masa wuri."

Na tashi. Ya ɗauke kujerar ya kai ciki, ya jawo soson ya shimfiɗa a bakin ƙofa. Na ɗauki mayafina da kular abinci, na tsaya a rumfar mai faci na kira ɗan Yaya na ce masa ɗakin nan da ya gyara, ya zuba kayan yara a ciki.